Kwalba a Ƙasan Leda

"Ni dai ban ga aibun mutumin nan ba," in ji Yaya Babba, yana juya cokali a kofin shayinsa. "Yana da shagonsa, yana da mutuncinsa a unguwa, kuma da ƙafarsa ya tako ya same ni kan maganar auren Auta. Ya ce ya san komai, ya ji ya gani."

Auta na tsaye bakin ƙofar falo da farantin burodi a hannu. Ba ta san farantin ya karkace ba sai da Inna ta ce, "Ke, za ki zubar."

"Wane mutumin, Yaya?"

"Mai kemis ɗin bakin titi mana. Dokta."

Ba likita ba ne. Farar riga kawai yake ɗorawa a kan kayansa, ya rataya biro a aljihu, unguwa duk ta ɗauka tana kiransa Dokta, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba.

Auta ta ajiye farantin a hankali.

Ita ce ƙaramar gidan, kuma ita ce ta fi kowa shaƙuwa da mahaifinsu. Bayan rasuwarsa barci ya ƙaurace mata. Da maganin tari aka fara, irin mai bugarwa, cokali ɗaya don ta runtsa. Kafin a ankara cokali ya zama kwalba. Ta bar aikinta, ta sayar da keken ɗinkin Inna ta rantse ɓarayi ne suka hauro, ta yi ƙarya har ta manta wadda ta yi wa wa. Sai da ta faɗi aka kwashe ta zuwa asibitin masu shaye-shaye. Ta jima can. Yanzu watanni ke nan da dawowarta, ko ɗigo ba ta ƙara kai wa bakinta ba, kullum tana shagon wanki da guga na Gwaggonta tana zufa a kan dutsen guga.

Abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba shi ne daga hannun da kwalaben suke fitowa. Ta ƙofar bayan kemis ɗin Dokta take karɓa, shi da kansa yake miƙo mata, yana murmushi yana cewa Allah ya ƙara sauƙi.

"Yaya," ta ce, muryarta can ƙasa, "Dogo fa?" Saurayinta take nufi.

Yaya Babba ya dire kofin.

"Wane Dogon? Tunda kika dawo gidan nan kin ga ko ƙeyarsa? Uwarsa ta ce ko ita ko ke. Ni ba zan je ina lallaɓa mutane su karɓi ƙanwata kamar kayan da suka kwantai ba."

"Kai ma dai, ka riƙa tauna magana," in ji Inna. Ta juyo ga Auta. "Ba mai yi miki dole, 'yar nan. Amma ki yi tunani. Ba kowa zai ji labarinki ya tsaya ba."

Maganar ta zo wa Auta har kan harshe. Ta kalli Yaya Babba, ta tuna ranar da ta dafa kansa ta rantse ba ta san inda keken ɗinki ya shiga ba. Sai ta haɗiye abarta, ta ɗauki mayafi ta fita aiki.

Da rana ta take, ta roƙi Gwaggo ta bar ta ta ɗan fita.

"Ina za ki?" Gwaggo ta tambaya, idonta a kan jakar Auta.

Auta ba ta ji haushi ba, ta saba. Ta zuge jakar ta nuna mata, sannan ta ce, "Shagon Dogo."

Gwaggo ta ce, "To ki goge fuskarki, kin yi kamar wadda aka tsamo a tukunya."

Shagon Dogo na can bayan tashar mota, inda yake gyaran firji da fanka. Firjoji a jere da ƙofofinsu a wangale, fankoki marasa fikafikai a rataye jikin bango, ƙasa duk baƙin mai. Yana durƙushe bayan wani tsohon firji, sai dogayen ƙafafunsa kawai ake gani.

"Sannu da aiki, Injiniya."

Duk duniya ita kaɗai ke kiransa haka, da tsokana. Ya miƙe da sauri har kansa ya bugi katakon da yake jera kayan aiki, kusoshi suka watse a ƙasa.

"Auta."

"Har yanzu ba ka ɗage katakon nan ba? Wata rana sai ya raba ka da kai."

Ya so ya yi dariya, dariyar ta maƙale. Ya jawo mata kujera ya goge da hannun rigarsa, ya ƙara ɓata ta da mai. Ba ta zauna ba.

"Kin yi kyau," ya ce. "Kin ciko."

"Abinci nake ci yanzu." Ta sunkuyar da kai. "Dogo, ban zo in ɗaga maka hankali ba. Haƙuri na zo in ba ka. Abin da na yi a gidanku, a gaban Umma da baƙinta, ban tuna rabinsa ba, amma an ba ni labari. Da abin da na faɗa maka ranar da kuka kai ni asibiti kai da Yaya. Wannan kam na tuna. Na ce na tsane ka, na ce Allah ya isa tsakanina da kai."

"Ba ke ce ke magana ba."

"Ni ce. A can sun koya mana mu daina cewa ba mu ba ne. Bakina ne ya faɗa, kunnenka ne ya ji."

Hawayen da take ta dannewa suka ɓalle. Dogo ya juya mata baya, ya dafa saman firjin da hannu biyu.

"Kin san sau nawa na zo bakin layinku na juya?" ya ce. "In tsaya wajen mai faci kamar tayata ce ta sace, in ga kin wuce da kayan guga a kai, in hau babur in koma. Mai facin har ya fara tambayata ko lafiya."

"To me ya hana ka ƙarasowa? Umma?"

"Umma na ciki. Ta ce in na ƙara taka gidanku ba ta yafe ba." Ya juyo, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. "Amma ba zan ɓoye a bayanta ba. Tsoro nake ji, Auta. Ina son ki, wallahi ko ɗigo bai ragu ba, abin har haushi yake ba ni. Amma ni na ɗauko ki daga ƙasan banɗaki, bakinki na kumfa, ina jijjiga ki ba kya motsi. In na rufe ido har yau abin nake gani. Ina tsoron in dawo daga aiki wata rana in tarar da haka a ɗakina."

Ta share fuska da gefen mayafi.

"Ba zan ce maka ba zai faru ba. Na yi rantsuwa da yawa a baya, duk na karya. Abin da na sani, yau ban sha ba, jiya ma ban sha ba, kuma duk mako ina komawa asibiti a zauna da mu."



"Dokta ya je wajen Yaya," ta ce. "Wai aurena yake so."

"Mai kemis?" Muryarsa ta canza. "Me kika ce?"

"Dogo, shi yake sayar mini. Tun kwalbar farko."

Ya tsaya yana kallonta. Ba daɗewa ya yi ba, amma ta ga abin da ya gifta a idonsa, ta gane shi sarai, don kullum tana ganinsa a gida.

"Ka gani ko?" ta ce da murmushin da ya fi kuka ciwo. "Kai ma sai da ka auna ni. To ina ga Yaya?"

"Na auna," ya ce a hankali. "Ki yafe mini. Amma na yarda. Ki faɗa musu a gida."

"Da wace shaida? Bakina?"

Ta juya za ta fita, ya sha gabanta, bai taɓa ta ba.

"Kada ki amsa masa. Ki ba ni lokaci in ƙara yi wa Umma magana. Ko me za ta ce, zan durƙusa har sai ta saurare ni."

"Ko babu kai ba zan amsa masa ba," in ji Auta. "Amma ka yi sauri, Injiniya. Na gaji da zama ni kaɗai a cikin mutane."

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, Dokta ya zo gidan. Ya cire farar rigar, ya sha turare har Inna na atishawa daga kicin. Yaya Babba ya kai shi falon baƙi da fara'a, ya leƙo ya ce wa Auta, "Ki je ku gaisa. Gaisuwa kawai na ce, ba wani abu ba."

Ta zauna a kujerar da ta fi nisa da shi.

"Ranki ya daɗe," ya ce, yana murza zobensa. "An daina ganinki. Ko hanya kika canza?"

"Na canza."

"To ai shi ke nan. Ni fa tausayinki nake ji. Kin ga gidan nan, kowa idonsa a kanki, ko tari kika yi sai an shinshina bakinki. Wancan dogon yaron kuwa, uwarsa ta riga ta ɗaure shi a ƙafar gado." Ya rage murya. "A gidana ba mai bincikar jakarki. Ni na san ki, na san abin da jikinki yake so. Kaɗan-kaɗan, bisa ƙa'ida, a hannun wanda ya san magani. Wa zai sani?"

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi a baya.

"Ka tashi ka fita."

"Haba, daga magana?"

"In ba ka fita ba zan faɗa wa Yaya ko kai wane ne."

Ya yi dariya marar sauti, ya miƙe yana gyara hula.

"Ki faɗa mana. Mu ga wanda za a yarda da shi tsakanina da ke." Ya tura mata wata leda da ƙafa. "Ga 'yar tsaraba. Ki buɗe a ɗaki."

Ta ji shi a tsakar gida yana yi wa Inna sallama cikin ladabi, har da tambayar ciwon gwiwarta. Inna ce ta shigo ta ɗauki ledar ta miƙa mata, tana cewa ba a barin kyauta a ƙasa.

A ɗakinta ta zazzage ledar a kan gado. Sabulai, turare, da sabon mayafi ruwan toka a naɗe. Da ta ɗaga mayafin sai ta ji nauyi. Kwalba ta gangaro kan zanin gado, 'yar ƙarama, ruwan ƙasa, murfinta a liƙe.



Yawu ya cika mata baki. Tun ba ta buɗe ba ta ji zaƙin a maƙogwaro, ta ji yadda kafaɗunta za su saki, yadda surutun da ke cikin kanta zai yi tsit. Ƙofa a rufe take. Inna na kicin, Yaya na falo yana kallon labarai. Wata murya a ranta ta ce, ai ko kin sha ko ba ki sha ba, kallon mashayiya suke miki. Kurɓa ɗaya.

Ta ɗauki kwalbar. Babban yatsanta ya hau kan murfin.

Sai ta tuna maganar ma'aikaciyar jinyar da ke zama da su a asibiti, wata mai faɗa kamar ta ari baki. Ta ce musu in abin ya taso, kada mutum ya tsaya gardama da shi a ɗaki shi kaɗai, don ba ya cin nasara. Ya tashi ya tafi inda mutane suke.

Auta ta miƙe. Ta buɗe ƙofa, ta ratsa tsakar gida babu takalmi, ta shiga falo ta dire kwalbar a kan tebur gaban Yaya Babba.

Ya kalli kwalbar, ya kalle ta. Ya miƙe tsaye har kujerar ta ja baya.

"Inna! Inna, zo ki gani!"

Inna ta shigo da ludayi a hannu. Tana ganin kwalbar ludayin ya suɓuce.

"Na shiga uku. Auta, kuma?"

"A cikin ledar Dokta na same ta," in ji Auta. "A naɗe cikin mayafi. Shi yake sayar mini tun farko, ta ƙofar baya. Ya ce in na aure shi zai riƙa ba ni."

"Ƙarya kike!" Yaya Babba ya daka mata tsawa. "Don ba kya son mutum sai ki ƙulla masa sharri? Ina kika samo ta? Wa ya sayo miki? Haka kika dafa kaina kika rantse a kan keken Inna!"

"Haka ne, Yaya. Na yi."

"To yau kuma me zai sa in yarda?"

"Ban sani ba." Ta durƙushe a ƙasa, kuka ya ci ƙarfinta. "Ban san me zan yi ku yarda ba. Ni dai na kawo ta nan ne don in ta kwana a ɗakina zan sha. Wallahi zan sha. Ku ɗauke ta daga gabana, in ya so ku ce mini maƙaryaciya."

Inna ta matso, ta ɗauki kwalbar ta kai ta saitin taga, tana ƙanƙance ido.

"Babba," ta ce, "duba murfin nan."

"Inna, kada ki bari ta..."

"Na ce ka duba. Ni na haife ta, ni na share amanta. Yaushe ka taɓa ganin yarinyar nan ta samu kwalba ta kawo ta a rufe? Kuma ledar nan ni na ɗauka daga inda mutumin ya ajiye, na ji nauyinta, na ɗauka turare ne."

Yaya Babba ya karɓa yana jujjuyawa.

A daidai nan aka yi sallama a bakin falo.

Dogo ne, ya sunkuyo da kai don kada ya bugi ƙofa, cikin kayan da ba na aiki ba. A bayansa wata dattijuwa ce siririya mai tabarau, fuskarta ba alamar wasa. Ummansa.

Idonta bai sauka ko'ina ba sai kan kwalbar da ke hannun Yaya Babba, daga nan ya gangaro kan Auta da ke durƙushe tana kuka.

"Abin da ka yi ta roƙona in zo in gani ke nan?" ta ce wa ɗanta.

Fuskar Dogo ta yi fari fat. "Auta," ya ce, sai ya kasa ƙarasawa.

"Bismillah, ku shigo," in ji Inna, tana gyara ɗaurin zani. "Tunda Allah ya kawo ku a kan gaɓa, gara ku ji daga bakinmu."

"Daga bakinta zan ji," in ji Umma.

Ta zauna a bakin kujera, jakarta a cinya. Auta ta maimaita komai, tun daga ƙofar bayan kemis har zuwa mayafin. Ba ta rage ba, har da yatsanta da ya hau kan murfi ta faɗa.

"Kin so ki sha?" Umma ta tambaya.

"Na so, Umma. Har yanzu da nake miki magana ina so."

Yaya Babba ya runtse ido. Dogo ya jingina da bango.

Umma ta miƙa hannu, aka ba ta kwalbar. Ta shafa murfin da yatsa, ta daɗe tana kallonsa. Da ta cire tabarau sai suka ga idanunta sun ciko.

"Ina da ƙane," ta ce. "Ni na raine shi. Yaron nan bai san shi ba, ban taɓa ba shi labarinsa ba. Shi ma haka ya yi ta yi, mu kai shi magani ya dawo ya koma. Kullum muka tambaye shi sai ya ce ya warke, ko sha'awar abin ba ya yi. Har ranar da aka zo aka ce mu je mu ɗauko gawarsa." Ta goge ido da bayan hannu. "Ko sau ɗaya bai taɓa ce mini yana so ya sha ba. Da ya faɗa, wataƙila da na san abin yi."



Ta mayar da tabaranta, ta miƙa wa Yaya Babba kwalbar. "Wannan ka kai ta inda ya dace, kada ka je ka yi dambe a titi." Ta juyo ga Auta. "Ke kuma kada ki ɗauka na amince. Ban amince ba. Ɗa ɗaya gare ni."

"Na sani, Umma."

"Yaushe kike komawa asibitin naku?"

"Jibi, da safe."

Umma ta miƙe, ta saɓa jakarta.

"Ki biyo ta gidana ki ɗauke ni. Ina so in ji abin da suke faɗa muku a can." Ta harari ɗanta da ya fara washe baki. "Ban da kai. Ni da ita za mu."

Sai da suka fita Auta ta ji an dafa kafaɗarta. Ta ɗago. Yaya Babba ne, ya kasa haɗa ido da ita.

"Tashi daga ƙasan nan," ya ce. "Jibin ni zan kai ku a mota."